Ɓerayen sito sun fi ni ɗumi

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, yaya ƙafar Baba? Auta ta daina yawo da takalmina kuwa?

Ni lafiya ƙalau nake, har an ƙara mini girma a sito: yanzu ni ne mai harbin ɓeraye. Maigida ya ba ni bindigar iska mai wani madubi da ke ganin zafin jiki a cikin duhu. Duk abu mai ɗumi fari fat yake fitowa, mai sanyi kuwa baƙi ƙirin. Ki ce wa Kawu ya daina cika baki da fitilar farautarsa.

Batun sanyi da kike ta tambaya, kada ki damu. Mai gadi ne dai ya leƙa ni ta madubin, ya yi ta dariya, wai kaina da cikina kawai ya gani, babu hannu babu ƙafa. Ya ce, "Wallahi ɓerayen nan sun fi ka rai!" Na ce masa madubin ne ya lalace.

Jiya na hango uwar ɓera da 'ya'yanta bayan buhuna, sun dunƙule wuri ɗaya suna haske, yadda muke yi a kan katifarki. Na daɗe ina kallonsu. Da maigida ya tambaya, na ce ban ga komai ba. Ki sa ni a addu'a kada ya leƙa da kansa.

Ki aiko mini da safa mai kauri. Ba don sanyi ba, Inna, don in rufe bakin mai gadi.

Allah ya bar mana ke.

Ɗanki,
Sarkin Ɓerayen Sito