Kifayen Dattijo Arne

Zuwa ga Guled Warsame,

Assalamu alaikum. Daga ofishin Babban Alƙalin Jihar Minnesota. Muna fatan kana lafiya, da mai ɗakinka Hodan, da babbar motar da kake tuƙawa wadda ba ta barinka ka ɗaga waya.

Bayan haka, an kawo ƙararka gabanmu. Masu ƙara kifaye ne ɗari da goma sha huɗu, kuma dukkansu sun mutu.

Ga abin da kotu ta gano. Ƙanenka Liban yana kula da gonar Dattijo Arne. Da sanyi ya shigo, dattijon ya tafi wajen 'yarsa a Arizona, ya bar wa Liban amanar tafkin da marigayiya matarsa ta zuba wa kifi da hannunta. Aiki ɗaya ne: duk sanda dusar ƙanƙara ta sauka, a kwashe ta da shebur daga kan ƙanƙarar tafkin. Dattijon ya ce ciyawar ƙasan ruwa tana shan numfashin da kifi ya fitar, ta mayar masa da iska mai kyau, amma sai da hasken rana. In dusa ta rufe hasken, ciyawa ta daina bayarwa, kifi ya shaƙe. Liban bai wuce karatun allo ba, amma ya haddace wannan kamar Fatiha.

Sai ya zame a bakin masallaci ya karya ƙafa. Kai kuma ka dafa kansa a asibiti, ka ce ya kwantar da hankalinsa, kowace Asabar kana bakin tafkin da shebur. Har hoto ka turo, tafki fes. Shi kuma sakaran ya tura wa dattijon, ya haɗa da wallahi.

Shekaranjiya ƙanƙara ta narke. Kifayen sun taso ciki sama, fari fat, wari har bakin titi. Sai a lokacin Liban ya ƙura wa hoton ido. A gefe ga mutum tsaye da jar hula, ƙafafunsa biyu lafiya lau. Liban ne da kansa. Hoton bara ka turo masa.

Dattijon ya dawo jiya. Bai yi faɗa ba. Ya daɗe tsaye a bakin ruwa, sannan ya tambayi Liban ko ƙafar ta warke. Da ma zaginsa ya yi.

Yaya, na gaji da wannan muryar. Babu wani alƙali. Ni ne, wanda ya zuba maka gishiri a shayi ranar ɗaurin aurenka. Na yi ƙarya iri-iri don a yi dariya, amma ban taɓa rantse wa mutumin nan a kan ƙarya ba sai da ka sa ni. Da ka ce ba za ka iya ba, da na roƙi maƙwabta.

Ban faɗa masa sunanka ba. Ranar Asabar za mu haƙa rami mu binne su. Ka zo ka gaya masa da bakinka. In ba ka zo ba zan ci gaba da yin shiru, sai dai kai ma ba za ka ƙara ji daga gare ni ba.

Ka gaida Hodan.

Ƙanenka,
Liban