Baba Ya Tuna Taken Ƙasa

Alhamis da dare, 6 ga Yuni, 2024

Na gaji, amma barci ya ƙi zuwa. Tunda gwamnati ta maido da tsohon taken ƙasa, hedimasta ya ce ni zan koya wa 'yan aji huɗu, ni da aka haifa bayan an daina rera shi. Da la'asar na zauna gindin darbejiya ina bin sa a waya, muryata sai kaucewa take yi.

Baba na kwance a tabarma. Tun da mantuwa ta kama shi bara, wuni yake bai ce uffan ba. Kawai sai na ji ya ɗauki waƙar daga inda na tsaya, a hankali, da Turancinsa na mutanen da. Inna ta saki muciya ta fito.

Da ya kai ƙarshe ya dube ni ya ce, "Baturiya ce ta rubuta, wata Baturiyar ta sa masa kiɗa. Malam ne ya faɗa mana a Ɗambatta, ranar da aka raba mana 'yan tutoci."

Tun ɗazu nake ganin sa a raina, yaro ba takalmi, yana ratsa gonakin gero da tutarsa. Ko matan nan sun san waƙarsu za ta kwana a cikin kan wani tsoho a ƙauyen Makoɗa?

Da nake lulluɓe shi ya riƙe hannuna. "Ki tashe ni da wuri, kar na makara makaranta."

Na ce, "To, Baba. Tare za mu tafi."