Kofuna Biyu da Shafin Ƙarshe

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Ya ƙafar Inna? Aiki da godiya. Har yanzu duk ruwan da aka kawo mana gwaji sai na sake aunawa, don tsoron kuskure.

Na samu saƙonki cewa Inna za ta koma gidanki ƙarshen wata, kuma babu wurin littattafaina, za a ba mai shago ya riƙa naɗe kaya. Tun da na ji ban ci abincin kirki ba. Na gode da waɗanda kika turo mini a waya, amma ba "duka" ba ne kamar yadda kika ce, rabinsu ma babu. Kuma na gwada. Ina tsakiyar karatu sai saƙo ya faɗo, ko caji ya ƙare. Na takarda kuwa, ko ido a rufe na san inda magana take, shafin hagu ne ko na dama. Da su na yi digirin nan da kuka yi ta ɗaukar hoto da takardarsa.

Ɗakina katifa ce da tebur, bangon kuma yana tsattsafo, ba zan iya kawo su ba tukuna. Don Allah a ba ni lokaci.

Ƙaninki,
Auta

Malam Takarda,

Wa alaikumus salam. Kowa lafiya. Direban da ya kawo wasiƙarka sai da ya tambaye ni ko an sace maka waya ne.

Ka san ɗakin da Inna za ta zauna. Gado, kabad ɗin kwanukanta, sai wurin salla. Ina zan sa kwalayenka, a kaina? Yara ma a kwamfuta suke karatunsu, kuma ba su mutu ba. Na ce wa mai shago ya zo Lahadi ta sama.

Ga kofuna biyu Inna ta ce a ba ka, wai ta ji da murfin fulas kake shan shayi. Ka ci abinci, don Allah.

Yayarka

Yaya,

Bayan gaisuwa. Kofuna sun iso, ba su fashe ba, a yi wa Inna godiya. Takardar da aka naɗe su da ita shafi na 211 da na 212 ce, ƙarshen littafin nan marar bango, labarin matuƙin kwalekwale. Na duba da kyau, ban yi kuskure ba.

Na san kama yake da shara, ɗinkinsa ya saki. Amma shi na karanta wa Inna a asibiti lokacin aikin ƙafarta, ke kina jego ba ki nan. Ba mu kai ƙarshe ba aka sallame ta, ni kuma na koma makaranta. Ban samu irinsa ba a kasuwa, balle a waya. Ina sauran? Ki faɗa mini gaskiya, zan iya ɗauka.

Auta

Auta,

Salama. Ka kwantar da hankalinka, ka zauna tukuna.

Sauran suna jikin kwanuka da tangaran. Jarida ce ta ƙare mini, na ga littafin a yashe, na yayyage. Ka yi haƙuri.

Jiya muna kwance kaya a gidana, Inna ta warware wani faranti, sai ta tsaya tana kallon takardar. Ka san ba ta karatun boko. Wani tabon maiƙo ta nuna mini a gefe, ta ce yatsanta ne, da man shafawar ƙafarta, ranar da ta riƙe maka littafin kana zuba mata ruwa. Rabon da ta yi mini faɗa irin na jiya tun ina budurwa. Ta sa muka kwance komai, na goge shafukan da dutsen guga, na jera bisa lamba, ita ta ɗinke da zaren ɗinkin buhu.

Sannan ta ce in karanta mata. Auta, miyata ta ƙone. Matuƙin nan ya tsallake da matar tasa ko ambaliyar ta ci su? Na ce bari in nema a waya, ta ce in ajiye mata wannan abin, nata take so, mai tabonta.

Mai shago ya zo, kwanuka ta ba shi ya sayar. Littattafanka ne a kabad ɗin yanzu. Duk baƙuwar da ta shigo sai ta buɗe mata, ta ce: "Autana ya karance su kaf."

Ka turo mana shafin a hannun direba.

Yayarka

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, ke da Inna.

Shafin yana ƙarƙashin katifa, ya miƙe. Ba zan ba direba ba, kuma ba zan faɗa miki ƙarshen ba. Asabar ina tafe da shi a aljihun gaba. Ki ce wa Inna ta ajiye allura da ragowar zare. Ni na fara mata, ni zan ƙarasa.

Naki,
Malam Takarda