Dutsen Kaushin Mama

Asabar, 6 ga Satumba, 1986

Mama ta sauka lafiya. Shekara da shekaru rabona da ita, amma abin da ta fara faɗa a filin jirgi shi ne na rame. Ta zo da acca da daddawa ƙunshe cikin zani. Yanzu ɗan gidana na Takoma Park, nan Amurka, ƙamshin garinmu Bukuru yake yi. Na tsaya a kicin na sha kukana, na ɗora wa albasa laifi.

Lahadi, 14 ga Satumba

Bayan coci muka je garin Clinton, gidan Martina, ƙawata tun makarantar kwana. Wani ya tambayi Mama aikin me nake yi. Ta ce, "Wankin dutse take yi wa Turawa." Kowa ya yi dariya, har da ni.

Juma'a, 19 ga Satumba

Na kawo mata dutsen gida don ta gani da idonta. Na ce murjani ne, wasu 'yan halittu ne a teku ke gina shi, kowace shekara layi ɗaya, kamar zoben cikin itace. Mukan nutse da inji mu huda shi, mu zaro doguwar sanda kamar rake, a yanka gaɓa-gaɓa. Wadda na kawo ita ce gaɓar sama, daga kanta ake fara ƙirge a yi baya: bara, bara waccan, har zamanin kakannin kakanni. Layukan ke gaya mana shekarar da teku ya yi zafi da wadda damina ta yi yawa.

Ta ce, "Murjanin da na sani ja ne, a wuya ake sa shi." Sai ta juya shi, ta shafa da babban yatsa, ta jinjina kai. "Wannan mai kyau ne kam." Na ji daɗi har cikin raina, na ce yau dai Mama ta gane.

Manjan girkin da ke hannunta duk ya shafe shi. Na ɗauraye, na ajiye a tagar banɗaki ya bushe. Gobe zan tafi taron masana a Miami, daga nan aikin mako biyu a bakin teku. Martina za ta riƙa leƙo ta.

Laraba, 1 ga Oktoba

Yau ranar samun 'yancin kai, can gida yara na maci. Ni kuma ina ƙarƙashin ruwa, ina tuna kududdufin kuza da ke bayan gidanmu, inda na koyi iyo a sace. Ruwan kore shar, sanyi kamar ƙanƙara. Ranar da Mama ta kama ni sai da tsumagiya ta karye, tana dukana tana kuka, wai ruwa ba dangin kowa ba ne. Ga shi ruwan nake ci da shi.

Litinin, 6 ga Oktoba

Na dawo. Dutsen yana cikin kwanon sabulu, jiƙe, samansa sumul kamar bayan cokali. Kaushi Mama ke gogewa da shi tun ranar da na tafi, safe da yamma.

Na yi mata ihu. Da Turanci ma, abin da ban taɓa yi ba. Ta tsaya da tawul a hannu tana kallona har na gama, sannan ta ce, "Na gan shi a wurin wanka ne, Kaneng. Na ce ashe 'yata ta lura da ƙafata."

Talata, 7 ga Oktoba

Gregory, shugaban ɗakin bincikenmu, ya sa shi a na'urar hoton ƙashi. Ya daɗe yana kallo. Layin sama ya tafi, ko ɗaya ko biyu, ba mai iya rantsewa. Tunda kuwa ba a san inda ƙirge ya fara ba, duk shekarun da ke ƙasa sun zama wataƙila. Aikina na shekara uku ke nan.

Ya tambayi yadda aka yi, na faɗa masa gaskiya. Ya yi ta cije leɓe don kada dariya ta kuɓuce masa. Ya ce jirgin ruwan bincike zai koma tsibirin da muka zaro sandar a Disamba, har bayan Kirsimeti, a sake huda dutsen. Wanda ya je ya gyara ƙirgen, sunansa ne zai hau gaba a takardar binciken da za a buga. Na ce da ni za a je, ko ana ha maza ha mata.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Mama ta daina waƙa in tana girki. Ta tambayi Martina ko ana iya matso da ranar tikitin komawarta.

Lahadi, 12 ga Oktoba

Na sayo dutsen kaushi a kantin magani. Ta gwada ta ce wannan ai burodi ne. Na ɗebo ruwan ɗumi a roba na zauna a ƙasa, na ce ta kawo ƙafar. Da ƙyar ta miƙo.

Ban taɓa kallon ƙafar nan da kyau ba. Faso ya tsaga dugadugan, wani tsagin har da baƙi a ciki, ba ya fita. Ƙafar da ta yi dakon kwanon kuza daga rami zuwa wurin wanki, ta tattaka acca a masussuka, ta raka ni tasha da akwatin ƙarfe a ka. Na tuna falalen dutsen rafi inda matan unguwa kan jeru ran Asabar suna gurzar ƙafa suna gulmar mazansu, mu yara muna kama ƙaguwa. Na ce ta yafe mini. Ta ce, "Goga can gefen, nan ya yi."

Can sai ta ce, "Kirsimetin bana za a yi wa kabarin Babanki siminti. Ban ce ki zo ba. Faɗa miki dai na yi." Ina kan teku aka binne shi. Na ci gaba da guga.

Asabar, 25 ga Oktoba

Ta tafi, a ranar da ke kan tikitin tun farko. Ta bar mini sauran accar da umarnin in riƙa cin abinci. Gidan ya yi mini girma.

Litinin, 3 ga Nuwamba

Na shaida wa Gregory ya ba wani gurbina a jirgin Disamba. Ya tambaye ni har sau biyu ko na san abin da nake bari. Na ce kunnena ne ke ciwo tun nutson Miami, likita ya hana ni shiga ruwa.

Kunnena lafiyarsa ƙalau. Da rana na bi ta ofishin masu sayar da tikiti, tambayar kuɗin jirgin gida na Kirsimeti kawai na je yi. Matar ta ce kujerar taga ko ta tsakiya, na ce ta taga.