Firam Ɗin Hoton Baba

Yaya,

Na fita kina barci.

Firam ɗin hoton marigayi Baba ya tsage. Jiya na shafa masa mai a gaba kawai, na bar bayan sai yau. Da safe na tarar ya lanƙwashe, ya rabe ta tsakiyar furannin da na yi sati uku ina yankawa da siririn zarto. Shafa wa katako mai a gefe ɗaya, abin da aka fara hana mu ke nan a makarantar koyon kafinta.

Jan katakon nan ne na ƙarshe da na taho da shi daga ƙasar waje, kuma gam ba ya kama shi.

Na cire ƙusar da na buga a ɗakin Inna. Ki mayar da hoton cikin ambulan.

Ƙaninki