Rubutun Hannunki a Kan Kwalaben Dolfin

Zuwa ga Yaya Ladi,

Gaisuwa mai yawa, tare da fatan kina lafiya, ke da Mama da duk mutanen Pankshin. Na san ba za ki ji daɗin ganin wannan wasiƙa a inda kowa zai karanta ba. Na kira layinki har na gaji, na aika saƙo ta hannun ƙanwarki, shiru. Wata tara ke nan da kika bar Landan ko sallama babu, kuma hanyar da ta rage mini ke nan.

Ke kika karɓe ni ranar da na fara aiki a ɗakin bincikenmu, ni 'yar Gusau da ban taɓa ganin teku ba. Kika nuna mini hoton dolfin, kika ce in daina ce masa kifi, dabba ce mai numfashi da huhu, tana haihuwa tana shayarwa. Sannan kika buɗe firiza kika nuna mini ƙananan kwalabe, kowace da guntun fata da kitse. Da hannunki kika yanko su daga jikin waɗanda suka mutu a ragar masunta a gaɓar Afirka ta Yamma. Kika ce, “Kowace kwalba rai guda ce, Zulai, kada ki ruɗa sunansu.”

Tambayar da muke bi ɗaya ce: dolfin da ke zaune kusa da gaɓa, dangi ne na daban, ko suna cuɗanya da na tsakiyar teku? Gwajin ƙwayoyin gado na farko ya nuna na daban ne. Ba su da yawa, junansu kawai suke haifa, ga gubar ruwa ta taru a kitsensu. Ma'anarsa dole a kare wannan gaɓa, ko da kamfanin da ke ɗaukar nauyin bincikenmu yana son yin aiki a can. Ranar kika ja ni gidanki a unguwar Abbey Wood, kika dafa gwaten acca, muka ci har na kusa rasa jirgin ƙasan komawa gida.

Bayan nan kika canza. Farfesa, shugaban ɗakinmu, ya riƙa kiranki ofis yana tura ƙofa. Kika daina cin abincin rana tare da ni. Aka sake gwaji, sai ga sakamako ya juya: wai na gaɓa da na tsakiyar teku duk ɗaya ne. Na tambaye ki, kika ce haka bincike yake, kina kallon kwamfuta. Mako uku bayan haka na tarar da teburinki fayau.

Watan jiya aka kawo sabuwar firiza, aka sa ni kwashe kwalaben. Takardar jikin wata ta ɓare a yatsana, sai na ga wata a ƙarƙashinta. Ta sama ta ce gaɓa, ta ƙasa ta ce tsakiyar teku. Na bi sauran ɗaya bayan ɗaya, na samu goma sha ɗaya haka. Yaya, duka biyun rubutunki ne. Na san lamba bakwai ɗinki mai ɗamara a tsakiya, ba wanda ke yin irinta a ɗakin nan.

Ban gaya wa kowa ba sai da na ware su na sake gwajin ni kaɗai. Sakamakon farko ya dawo daidai.

Na kai wa Farfesa maganar. Ya ce kuskurenki ne, shi ya sa ya sallame ki cikin mutunci don kada sunanki ya ɓaci. Amma bai tambaye ni waɗanne kwalabe ba ne, bai tambayi ko nawa ba ne. Abin da ya fara tambaya shi ne wa na gaya wa. Kuma in ya san da kuskuren tun tuni, me ya sa rahoton da za a wallafa, wanda sunana ke kai, har yanzu yake ɗauke da sakamako na biyu? Tun ranar yake mini fara'ar da bai saba ba, har yana tambayar yaushe bizata za ta ƙare.

Ke ma ban wanke ki ba, gara in faɗa miki. Wani lokaci in ce tilasta miki aka yi. Wani lokaci in ce an yi miki wani alkawari kika karɓa. Sai kuma in tuna cewa mai son ɓoye abu cire tsohuwar takarda zai yi ya jefar, ba liƙa sabuwa a kai ba, kuma ke ba mai sakaci ba ce. Ko don wani ya gani kika bar su? Ko ni ce nake nema miki uzuri don ina sonki? Ban sani ba. Na kai har ina kulle littafin aikina a jaka in zan shiga banɗaki.

Na janye sunana daga rahoton, na kuma rubuta wa kwamitin da ke duba gaskiyar bincike. Ranar Litinin za su saurare ni. Za su tambaye ni rubutun wane ne, kuma ba zan yi ƙarya ba, zan ce naki ne. Abin da ya faru a bayan ƙofar ofishin nan kuwa, ke kaɗai za ki iya faɗa. In kika yi shiru, maganarsa za a rubuta.

Yayata, ke ce kike raka ni masallacin Regent's Park ranar Juma'a, ki zauna a benci cikin sanyi har in fito daga masallaci, ke da ba addininki ba. Ban taɓa gode miki yadda ya kamata ba. Ko me kika yi, ba na so ki fara jin wannan daga bakin wani.

Allah Ya bayyana gaskiya, Ya sa ta zo miki da sauƙi. In an zalunce ki, Allah Ya ba ki ƙarfin buɗe baki. In kuma ke kika yi da son ranki, Allah Ya ba ni zuciyar da zan ci gaba da kiranki Yaya. Lambata ba ta canza ba.

Taki ƙanwa,
Zulaihatu