A kan fim ɗin aljanu aminiyata ta tona min asiri

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin don Allah a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, yau kwana tara ke nan zuciyata tana tafasa, kuma ina tsoron in yi abin da zan zo ina nadama.

Ina aure a wani ƙauye kusa da Makoda. Akwai wani fim mai dogon zango na ƙasar waje da aka fassara da Hausa, duk ranar kasuwa muke ba da waya a turo mana sabon fitowa, mu jingina ta da ƙwarya muna kallo muna ɓarar gyaɗa. Har group muka buɗe mu matan garin da na ƙauyukan kusa don hirar fim ɗin. Labarin wata yarinya ce mai ganin aljanu, saurayinta ya shiga duniyarsu don ya cece ta, ƙofa ta rufe da shi a ƙarshen season na biyu. Duk season na uku jiransa ta yi. A na huɗu ta haƙura ta auri abokinsa likita, sai ga shi a na biyar saurayin ya dawo. To nan group ya kama da wuta, kowa na cewa maciya amana ce, an lalata fim. Ni ma na yarda tun daga na huɗu labarin ya ƙare musu suna ta jan rai ne kawai, mutum ɗaya ya mutu sau uku yana tashi. Amma na ce yarinyar ba ta yi laifi ba, mace ba dutse ba ce, wanda bai taɓa zaman jiran mutum ba bai san abin da ake ji ba.

Ba a banza na faɗi haka ba. Mijina na farko ya tafi Libya neman kuɗi ina da cikin wata huɗu, sau biyu ya kira, daga nan shiru. Shekara biyar ina zaune, ba a ce ya mutu ba, ba a ce yana raye ba. Babana ne ya kai maganar gaban alƙali aka raba auren, na yi idda, daga baya na auri mijina na yanzu, mutumin da ya riƙe ɗana kamar shi ya haife shi. Wannan kowa ya sani a garin. Abin da ba wanda ya sani sai aminiyata, bari in kira ta Rabi, shi ne ina ajiye da rigar tsohon mijina guda ɗaya a ƙasan akwati, kuma wani lokacin ina mafarkin ya dawo in farka ina kuka. Tun muna firamare muke tare da Rabi, ita ta riƙe hannuna ranar da na haihu, shi ya sa na gaya mata.

Rabi tana cikin masu son saurayin na farko, har hotonsa ta sa a wayarta. Muka yi ta musu ni da ita a group, ina kawo hujja tana kawowa, mutane suna dariya suna zuga mu. Da na ce ai shi ma da ya dawo bai tambayi wahalar da yarinyar ta sha ba sai fushi, kawai sai ta saki voice. Tana dariya ta ce, “Ai dole ki kare ta, halinku ɗaya. Gara ma ita, ke da kike gidan wani kina ajiyar rigar wani a akwati, kina mafarkin ya dawo.” A gaban mata sama da arba'in. Ta goge bayan 'yan mintuna, amma an riga an tura shi waje.

Bayan kwana biyu maigidana ya dawo daga gona da azahar, ya zauna bai taɓa abinci ba, ya tambaye ni ko maganar rigar gaskiya ce. Na ɗauko rigar na ajiye a gabansa, na ce ɗana nake ajiye wa, ba shi da ko hoton ubansa. Ya daɗe yana kallonta, ya ce, “Mayar, haƙƙinsa ne.” Bai tambaye ni maganar mafarkin ba, kuma na san ya ji. Bai yi faɗa ba, amma tun ranar daga gaisuwa ba ya ƙara komai, wallahi da zagina ya yi da ya fi min sauƙi.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne uwar tsohon mijina. Maganar ta yi ta yawo tana canzawa, har ta isa kunnenta cewa wai na samu labarin ɗanta zai dawo. Tsohuwa mai ciwon ƙafa ta tako daga ƙauyensu cikin rana, ta zauna a tsakar gidana tana haki, ta ce, “'Yar nan, don Allah in kin ji wani abu kada ki ɓoye min.” Da wane baki zan ce mata musun fim ne? Na rantse mata ban ji komai ba, na ba ta ruwa, na sa mai babur ya mayar da ita. Tana fita tana share ido da bakin mayafi.

Ita kuwa Rabi abin da ta iya shi ne saƙo layi ɗaya, wai in yi haƙuri wasa take, ni ce na ɗauki fim da zafi. Gidanta da nawa ba nisa, ba ta tako ba. Washegari aka ce min tana group tana hasashen wa yarinyar za ta zaɓa a season na shida. Wasu ma cewa suke ni na jawo, wai da ban yi ta kare yarinyar ba da maganar ba ta kai nan ba. Ni dai tuni na fita daga group ɗin, fim ɗin ma ko muryar mai fassarar na ji daga gidan maƙwabta sai raina ya ɓaci.

Yanzu Rabi ta haihu, jibi suna. Innata ta ce dole in je, zumuncin shekara ashirin ba a yar da shi a kan magana ɗaya, kuma rashin zuwana zai sa a ce abin da ta faɗa ya taɓa ni don gaskiya ne. Ni kuma na san kaina, in na gan ta cikin mata tana min dariya kamar ba abin da ya faru, zan iya faɗin nata sirrin, don ni ma na san abubuwan da ko mijinta bai sani ba, kuma bakina yana ƙaiƙayi.

In je sunan in danne, ko in zauna a gida a yi ta faɗin abin da aka ga dama? Kuma ta yaya zan buɗe wa mijina maganar mafarkin nan, alhali ba zan iya rantse masa cewa ƙarya ce ba?